Gani Ya Kori Ji: Akseli Gallen-Kallela da Fuskar da Ya Yi wa Kalevala

Idan Bahaushe ya ce gani ya kori ji, yabon ido yake yi, wato abin da mutum ya gani da kansa ya fi abin da aka ba shi labari tabbas. Amma ga mai nazarin adabin baka, wannan karin magana tana da wata fuska ta biyu da ta cancanci a tsaya a kanta. Akwai lokacin da gani yake korar ji kora ta zahiri: hoto ya shigo ya zauna a mazaunin murya, har al'umma ta manta cewa labarin da take kallo a jikin bango a da saurarensa ake yi, kuma kowane mai sauraro da irin surar da yake ƙerawa a zuciyarsa. Hakan ya fito fili a ƙasar Finlan, a hannun mai zane Akseli Gallen-Kallela (1865–1931). Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, zane-zanen da ya yi a kan waƙar Kalevala sharhi ne a kan waƙar, mai ɗauke da zaɓi da hukunci da son rai kamar kowane sharhi, don haka ya wajaba a yi musu tarke kamar yadda ake yi wa matani. Duk wanda ya ɗauke su a matsayin ado ya bar mafi ƙarfin masu fassara ya wuce ba tare da an yi masa tambaya ko ɗaya ba.

Matanin da Ya Tarar

Babu wani mawaƙi guda da ya taɓa rera Kalevala daga farko har ƙarshe. Elias Lönnrot (1802–1884), likitan gwamnati a garin Kajaani, shi ya yi ta tafiye-tafiye zuwa ƙauyukan Kareliya yana rubuta gajerun waƙoƙin baka daga bakin mawaƙa irin su Arhippa Perttunen, wanda ya sadu da shi a 1834. Da waɗannan gutsattsari ya ɗinka doguwar waƙa guda. Bugu na farko ya fito a 1835 da babi 32. Na biyu, wanda shi duniya ta sani a yau, ya fito a 1849 da babi 50 da ɗango 22,795. Mafi yawan ɗangwayen daga bakin mawaƙa suka fito, amma jeranta labarin, da haɗe taurari daban-daban su zama mutum guda, da mafari da ƙarshe, duk aikin Lönnrot ne.

A wancan zamani Finlan ba ta da 'yancin kai. Ta yi ƙarnoni a ƙarƙashin Suwidin, sannan daga 1809 ta koma ƙarƙashin sarkin Rasha. Harshen Suwidin shi ne na mulki da makaranta da manyan gidaje, harshen Finlan kuwa na manoma ne da masunta. Kalevala ta zama hujjar da 'yan kishin ƙasa suke nunawa cewa harshen talakawa ma yana da tarihi da jarumai. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun daga nan: mafi ingancin waƙoƙin an samo su ne a Kareliyar da ke tsallaken iyaka, a ɓangaren Rasha, daga bakin mutane mabiya cocin Otodoks, alhali yawancin mutanen Finlan mabiya ɗariƙar Luther ne. Ke nan tun kafin burushi ya taɓa ta, waƙar ta riga ta yi hijira daga masu ita zuwa wasu masu buƙatarta.

Mai Zanen

An haife shi a garin Pori ranar 26 ga Afrilu 1865, da sunan Axel Waldemar Gallén, a gidan masu magana da harshen Suwidin. Ya fara koyon zane a Helsinki, sannan a 1884 ya tafi birnin Faris na Faransa ya shiga makarantar Julian. Ayyukansa na farko, kamar zanen yaro da hankaka (1884) da na tsohuwa da kyanwa (1885), sun nuna talakawan karkara yadda suke, da faso a ƙafa da tamoji a fuska, abin da bai yi wa masu son kyale-kyale na Helsinki daɗi ba. A 1890 ya auri Mary Slöör, suka yi tafiyar amarci zuwa gabashin ƙasar, har ya tsallaka iyaka zuwa ƙauyukan Kareliya yana zana fuskoki da gidajen katako da sutura da kayan aiki. Wannan tafiya tana cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar yayin zuwa Kareliya da masu zane da mawaƙa da magina suka yi a shekarun da suka biyo baya. A 1907 ya sauya sunansa a hukumance zuwa Akseli Gallen-Kallela. Mutumin da zai yi wa al'umma fuska sai da ya fara sake wa kansa suna.

Ba shi ne farkon wanda ya zana Kalevala ba. Robert Wilhelm Ekman ya riga shi, kuma a zanensa na 1866 tsohon mawaƙin nan hatsabibi, Väinämöinen, ya fito da siffa irin ta jaruman da makarantun zane na Turai suka gada daga Girkawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa waƙar ba ta tilasta wa kowa fuska ɗaya ba. An yi mata wata fuska kafin Gallen-Kallela, ta kasa kama zuciyar mutane. Tasa ce ta kama, har ta shafe sauran.

Hukunci Uku da Burushi Ya Yanke

Misali na farko shi ne Aino. A cikin Kalevala, yayanta Joukahainen ya sha kaye a gasar waƙa, ya fanshi ransa da alkawarin aurar da ita ga tsoho Väinämöinen. Yarinyar ta ƙi, ta nutse a ruwa, daga baya tsohon ya kamo ta da ƙugiya a siffar kifi, ta suɓuce masa. Manazarta sun daɗe da tabbatar da cewa Lönnrot ne ya ƙera wannan tauraruwa, har da sunanta, daga wata waƙar baka wadda a cikinta budurwar rataye kanta ta yi. Shi ya musanya igiya da ruwa domin mutuwar ta yi laushi ga mai karatu. Gallen-Kallela ya zana labarin sau biyu a allo uku-uku, a 1889 a Faris, sannan a 1891 bayan tafiyar Kareliya, inda matarsa ta zauna masa a matsayin Aino. Ya ƙara laushi a kan laushin Lönnrot: tafki mai sheƙi, hasken bazara, jikin budurwa fari tas a tsakiyar allo. Mai kallo yana tsaye ne kusa da kwalekwalen tsohon, yana ganin abin da tsohon yake miƙa hannu gare shi. Labarin auren dole da ya kai yarinya ga halaka ya koma abin sha'awar ido. Wannan fassara ce, kuma fassara ce da take da bayanin da za ta yi.

Misali na biyu shi ne Kullervo, marayan da aka sayar bawa. Matar maƙeri Ilmarinen ta cusa masa dutse a cikin gurasar da zai tafi kiwo da ita, wuƙar da ya gada daga mahaifinsa ta karye a kan dutsen, ya yi rantsuwar ɗaukar fansa. A zanen 1899, Gallen-Kallela ya tsayar da shi a wannan daƙiƙa: saurayi a tsakiyar daji, hannu dunƙule, fuska cike da fushin wanda aka zalunta. A watan Fabrairu na wannan shekara ne sarki Nicholas na Biyu ya fitar da sanarwar da ta tauye ikon cin gashin kan Finlan, saboda haka ba abin mamaki ba ne da masu kallo suka ga ƙasarsu a cikin wannan saurayi. Amma waƙar ba ta tsaya inda zanen ya tsaya ba. Fansar Kullervo ta cinye shi: ya jawo mutuwar uwargijiyarsa, ya lalata ƙanwarsa bai san ita ba ce, ya hallaka dangin baffansa, daga ƙarshe ya faɗa kan takobinsa. Waƙar gargaɗi take yi a kan abin da zalunci yake mayar da yaro. Zanen ya yanke gargaɗin ya bar fushin, domin fushin ne zamaninsa yake buƙata.

Misali na uku ya bambanta, kuma adalci ya sa a kawo shi. A zanen mahaifiyar Lemminkäinen na 1897, uwa tana zaune a bakin baƙin kogin matattu, ta gama tsamo gaɓoɓin ɗanta da manjagara ta harhaɗa su, ta ɗaga kai tana jiran ƙudan zuman da zai kawo maganin da zai tashe shi. Mahaifiyar mai zanen ce ta zauna masa. Shekara biyu kafin nan, a 1895, 'yarsa Marjatta ta rasu da cutar mashaƙo yana Berlin, inda yake baje kolin ayyukansa tare da Edvard Munch. Bayan wannan rashi salonsa ya sauya, layukansa suka yi kauri, launukansa suka yi duhu da tsauri. A waƙar, ɗan ya tashi. A zanen, an bar mu a lokacin da ba a san ko zai tashi ba. Ya kuma shimfiɗa gawar a gaban uwar ta hanyar da duk Bature zai tuna da zane-zanen coci na Maryamu da gawar ɗanta kamar yadda Kiristoci suke surantawa. A nan zaɓin mai zanen ya zurfafa waƙar, ya fito da abin da ke kwance a cikinta. Duk da haka zaɓi ne, kuma ya shigo da wata al'ada ta kallo da mawaƙin ƙauye bai sa a cikin waƙarsa ba.

Daga Allo Zuwa Tuta

Da hotunan nan sun tsaya a ɗakin mai su, da lamarin bai kai haka ba. A babban baje kolin duniya na Faris a 1900, Finlan ta samu rumfarta daban duk da tana ƙarƙashin Rasha, Gallen-Kallela kuma ya ƙawata rufin rumfar da zane-zanen Kalevala, ciki har da Ilmarinen yana noma gonar macizai, wanda 'yan ƙasar ba su sha wahalar gane su wa ake nufi da macizan ba. Bayan samun 'yanci a ranar 6 ga Disamba 1917, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa a 1918. Mai zanen ya tsaya a ɓangaren Farare da suka yi nasara a kan Jajaye, ya zama dogarin Janar Mannerheim, ya tsara kakin soja da lambobin girma na sabuwar ƙasa. A 1922 aka buga Kalevala mai ɗauke da adon da ya yi mata shafi-shafi. A 1928 ya sake zana jigogin Faris a rufin zauren shiga na gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Helsinki. Ya rasu a Stockholm ranar 7 ga Maris 1931, bai kammala babban bugun Kalevala da ya daɗe yana buri ba.

Abin lura shi ne hannun da ya zana Väinämöinen shi ne ya zana lambar da ake maƙala wa soja a ƙirji. Waƙar da ta fito daga bakin manoman Kareliya ta bi ta alƙalamin likita, ta bi ta burushin mai zane, ta ƙare a matsayin kayan sarautar ƙasa. A kowane mataki ta ƙara kwarjini, a kowane mataki kuma mai ita na asali ya ƙara nisa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan mai ita ba ya ma cikin hoton, sai dai fuskarsa da rigarsa da aka ara.

Zamansa a Kenya daga 1909 zuwa 1910 yana ƙara haska wannan ɗabi'a. Ya zauna da iyalinsa a kusa da Nairobi, lokacin ƙasar tana hannun Ingila, ya yi farauta, ya tara kayan al'adu, ya yi ƙananan zane-zane masu yawa da launuka masu ƙuna da ba a saba gani a aikinsa ba. A fahimtata, idon da ya je Kareliya shi ne ya je Kenya: ido mai neman mafarin ɗan Adam a jikin mutanen da suke raye a zamaninsa, suna da nasu matsaloli na yau. Bakareliye da Bakikuyu duk sun zame masa taga da yake leƙa zamanin da ya wuce ta cikinta. Ƙwarewarsa ba ta wanke wannan ba, wannan kuma bai rage ƙwarewarsa ba. Mai tarke na gaskiya zai riƙe biyun tare.

Abin da Za a Iya Cewa a Kare Shi

Mai musu zai ce: ba don waɗannan hotuna ba, da mutum nawa ne zai kula da waƙa mai ɗango sama da dubu ashirin cikin tsohon harshe? Wannan magana tana da nauyi. Yaron da bai taɓa buɗe Kalevala ba yana iya gane Louhi, uwargijiyar ƙasar arewa, da ta rikiɗe ta zama ƙatuwar tsuntsuwa tana kai wa kwalekwalen jarumai hari, saboda zanen 1896. Hoto ya riƙe wa waƙar masoya da rubutu kaɗai ba zai riƙe ba. Haka kuma za a ce kowane mawaƙin baka ma mai fassara ne, yana ƙari yana ragi a duk lokacin da ya buɗe baki, to don me za a hana mai zane abin da aka halatta wa mawaƙi?

Amsar ita ce babu wanda ya hana shi. Bambancin yana cikin abin da ke biyo baya. Idan mawaƙi ya sauya waƙa, gobe wani zai sake sauya ta, babu sigar da take danne sauran. Idan zane ya hau bangon gidan tarihi na ƙasa, ya shiga littafin makaranta, to ya daina zama ɗaya daga cikin sigogi, ya zama ma'aunin da ake auna sauran da shi. Mutanen Finlan sun tsira daga mafi munin wannan ne saboda wani aiki na daban: Ƙungiyar Adabin Finlan, wadda aka kafa a 1831, ta adana waƙoƙin yadda aka ji su, aka buga su cikin juzu'i 34. Wanda ya so ya san abin da mawaƙiyar ƙauye ta faɗa game da budurwar da ta rataye kanta yana da inda zai je. Hoton yana da abokin gardama.

Shi kansa Gallen-Kallela ya nuna ya san iyakar burushi. Sampo, abin al'ajabin da Ilmarinen ya ƙera, wanda ke niƙo hatsi da gishiri da dukiya, waƙar ba ta taɓa bayyana surarsa filla-filla ba, kuma manazarta sun yi ta saɓani a kan mene ne shi. A zanen ƙirar Sampo na 1893 ana ganin maƙeri da mataimakansa da hasken wuta a fuskokinsu, amma abin da ake ƙerawa a ɓoye yake. A wannan wuri ya bar wa kunne haƙƙinsa. A ganina wannan kamewa tana cikin mafi girman abin da ya yi, kuma ita ce hujjar cewa a sauran wuraren da bai kame ba, yana sane ya zaɓa.

Inda Abin Ya Shafe Mu

Dangantakar nazarin Hausa da Finlan ta girmi yadda ake zato. Tsarin rarraba tatsuniyoyi gida-gida da masu nazarin tatsuniya suke komawa gare shi har yau ya faro ne daga jadawalin da Antti Aarne ya buga a Helsinki a 1910, daga mazhabar da Julius Krohn da ɗansa Kaarle suka kafa a kan nazarin waƙoƙin da aka gina Kalevala da su. Mun karɓi hanyarsu ta nazarin matani, amma ba mu waiwayi darasin da ƙasarsu ta koya game da hoto ba.

Adabinmu na baka ma ya bi ta hannun masu tattarawa, tun daga Magana Hausa ta Schön a 1885 zuwa juzu'i uku na tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, kuma mun saba tambayar abin da mai tattarawa ya ƙara ko ya rage. Abin da ba mu saba ba shi ne yi wa mai zane irin wannan tambaya. Gizo a bakin kaka yana noma, yana aure, yana tsamin baki, kuma yana saƙa a sama, duk a lokaci guda, ba tare da yaro ya ga saɓani ba. Mai zanen littafin firamare ko mai shirya katun dole ya yanke hukunci: ƙafa takwas zai ba shi ko riga da hula? Dodo, wanda tsoronsa yake cikin rashin sanin kamanninsa, da zarar an ba shi ƙaho da haƙora ya zama dabba kamar kowace dabba. Wace sutura za a sa wa Daurama, ta wane ƙarni, kuma wa ya ce haka take? Ana yanke waɗannan hukunce-hukunce kullum a maɗaba'u da kan kwamfutoci, kuma su ne yaran da ba su sami hirar dare a tsakar gida ba za su ɗauka a matsayin asali.

Don haka shawarar da tarihin Gallen-Kallela yake ba sassan nazarin Hausa a fili take. A ɗauki zanen da ke cikin littafin tatsuniya da bangon littafin ƙagaggen labari a matsayin ɓangaren matanin da ake nazari, a ambaci sunan mai zanen kamar yadda ake ambatar marubuci, a tambayi wane lokaci na labarin ya tsayar, a gefen wa ya ajiye mai kallo, me ya nuna da baki ya ɓoye, me ya ɓoye da baki ya faɗa. A kuma ci gaba da naɗar muryoyin masu ba da tatsuniya da sigoginsu mabambanta, a adana su inda ɗalibi zai iya kaiwa gare su, domin duk ranar da aka sami gwanin da zai yi wa Gizo fuskar da kowa zai karɓa, ya tarar akwai muryoyin da za su yi masa gardama.